Mai Masaukin Bakari

Da hantsi Radiyya ta shiga ɗakin surukarta, kofin kunu a hannu ɗaya, waya a ɗayan.

"Inna, ya isa."

Mairam ta yunƙura za ta tashi, hannunta na hagu ya ƙi. Wata biyu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita a bakin murhun da take bandar kifi, likita kuma ya ja kunnen mutanen gidan cewa kada a kuskura a tayar mata da hankali. Tun ranar ba ta da tambaya sai ta autanta Bakari, mijin Radiyya. Masunci ne, ya bar Haɗeja bayan ciyawar kachalla ta shaƙe inda yake jefa koma, ambaliya kuma ta cinye masa shinkafa damina biyu a jere. Daga Maroko ya yi kiransa na ƙarshe, ya ce jibi za su tsallaka teku.

"Ya isa ina, 'yar nan?"

"Sifaniya. Wani dattijon Bature ne ya karɓe shi, sunansa Anselmo. Shi ya turo saƙo, waya ta fassara mini."

Mairam ta ɗaga hannunta mai lafiya sama. "Alhamdu lillahi! Ai na faɗa muku. Auta fa a cikin ruwa ya girma."

Daga ranar, kowace safiya kunu da labari suke zuwa tare. Radiyya ta zauna a bakin gado, idonta a kan waya, tana karantowa a hankali kamar mai tsinar tsakuwa a shinkafa.

Ranar Talata da sassafe Bakari ya iso, yashi har cikin gashin kansa. Anselmo ya sa aka kawo ruwa, aka kawo sababbin kaya. Wurin da ya ba shi yana kan tudu a bayan gari, an kewaye shi da farar katanga, ga dogayen itatuwa, daga can ma ana hango teku. Babu hayaniya ko kaɗan. Maƙwabtansa 'yan Sanagal biyu ne da wani mutumin Mali. Dattijon har masallacin 'yan Maroko ya taka da ƙafarsa, ya tambayi liman inda alƙibla take, don kada baƙonsa ya fuskanci wani wajen.

"Ji mutunci," in ji Mairam. "Ba Musulmi ba, amma ya san darajar baƙo." Sunan ya yi mata wuyar faɗi, sai ta raɗa masa Malam Salmanu.

Ta tambaya ko Auta yana iya cin abincinsu. Radiyya ta ce bai yi kukan yunwa ba. Ta tambayi dalilin da bai kira da kansa ba. Radiyya ta ce ruwa ya shiga wayarsa.

Mairam ta sa aka ware tarwaɗa mafi kyau a cikin bandar da ta rage, da kuka, da daddawa, da hula guda ta Malam Salmanu. Babban ɗanta Inuwa ya zo daga Malam Madori, ta damƙa masa ƙullin ya nemi mai tafiya. Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce rana ta yi, zai koma. Mairam ta lura Radiyya ta daina sa kwalli, ta cire 'yan kunne, ko kasuwa ba ta leƙawa. Ta yi murmushi a ranta, ta ce kewar miji ce.

A rana ta tara haƙurinta ya ƙare. Ta ture maganin da aka miƙo mata, ƙwayoyin suka watse a tabarma.

"Ba zan sha ba sai na ji murya. In ba tasa ba, ta mai masaukinsa."

Jijiyar wuyanta ta tashi, numfashinta ya fara sama-sama. Radiyya ta dube ta, ta dubi ƙofa, babu mai shigowa. Ta danna lambar.

Wata tsohuwar murya mai kaushi ta amsa, iska tana kaɗawa a bayanta. Mairam ta jawo wayar bakinta.

"Malam Salmanu, ni ce uwarsa. Na gode, Allah ya saka maka. Amana na ba ka. Yaron nan ba ya jure sanyi, ka riƙa lulluɓe mini shi da kyau."

Radiyya ta sa wayar ta juya maganar. Sannan muryar ta dawo, Radiyya ta karanto fassarar.

"Ya ce ba zai bar shi shi kaɗai ba, Inna. Kullum da safe yana zuwa wurinsa."

"Shi Autan yana kusa?"

"Yana kwance."

"To, kada a tashe shi. Ya sha hanya."

Mairam ta tsince ƙwayoyin da kanta, ta haɗiye. Kafin la'asar barci ya ɗauke ta, fuskarta a sake, irin sakewar da ba a ƙara gani ba tun kafin ciwon.

Radiyya ta ja mata ƙofa, ta zagaya bayan gida, ta durƙusa a gindin murhun banda wanda ya daɗe da hucewa. Ta cusa gefen mayafinta a baki don kada a ji ta. Kwana tara ba ta yi wa tsohuwar ƙarya ko sau ɗaya ba. Saƙon farko ne kawai ba ta taɓa karanta mata ba, shi ta buɗe yanzu:

"Sunana Anselmo. Na sami wannan lambar a rubuce a bayan bel ɗinsa. Ni ne mai haƙa kabari a maƙabartar garinmu, kuma ranar Talata teku ta kawo mana gawarsa."