Shirun Igbin

Wa ya aike ku tambayar labarin Gbenro? Kun ji manya suna ƙus-ƙus, kun baza kunne kamar zomaye. To ku zauna, sau ɗaya zan faɗa, kuma kada wanda ya katse ni.

Gbenro yana da kamfani a saman benen da nake sayar da tuwon amala a ƙasansa, a unguwar Yaba. Sana'arsu rubuta wa kwamfuta umarni. Ban yi boko ba, amma na san akwai yaren da ake yi wa na'urar magana da shi, kuma nasu wani ne ya ƙirƙira ya sake shi kyauta. Ba wanda ya san fuskarsa. Igbin yake kiran kansa, wato dodon-koɗi. Ka rubuta masa matsalarka da hantsi, kafin la'asar ya gyara, ko sisi ba ya karɓa. Al'adar masu amfani da yaren ɗaya ce: in ka ɗiba ka ƙara wani abu, ka mayar kowa ya amfana.

Da kasuwa ta tsaya wa Gbenro, sai ya kwafe yaren gaba ɗaya, ya canza masa suna, ya kulle, ya sayar wa wani banki. Lauya ya ce doka ba ta hana ba.

Mutum ɗaya ce ta buɗe baki, Morenike, ma'aikaciyarsa. Yarinyar da ko lokacin cin abinci ba ta barin kujera, sai dai in hau mata da kwano.

"Oga, rijiyar unguwa fa ka sa wa kwaɗo."

"Yau kuma wa'azi muka samu? Albashinki daga sama yake faɗowa?"

"Ko gyare-gyaren da muka yi mu mayar wa mutane."

"Ajiye kwamfutar ofis. Ga ƙofa can."

Ta ajiye ta fita. Ya cusa kwamfutar a kabad ya murɗa makulli.

Ba a jima ba aiki ya fara tsayawa a bankin. Ɓarakar can cikin gindin yaren take, inda ma'aikatan Gbenro ba su taɓa leƙawa ba. Banki ya ce ko a gyara kafin ƙarshen wata, ko a soke kwangila. In aka soke, kamfani ya mutu, kowa ya kama gabansa.

Gbenro ya rubuta wa Igbin da sunan ƙarya. Shiru. Ya sake da sunansa na gaskiya. Shiru. Ya amsa laifinsa, ya ce zai buɗe abin da ya kulle, ya ce zai ba da rabin kamfanin, har da rantsuwa da kabarin ubansa. Shiru. Su ma sauran masu amfani da yaren cigiya suke ta yi, mutumin da bai taɓa barin tambaya ta kwana ba ya ɓace ɓat.

Ya sauko ya zauna gaban kwanona, ido ya faɗa, wuya ya yi tsawo.

"Mama, ko mutumin nan ya mutu ne?"

"Ci abincinka. Ban dafa don kallo ba."

Da wata ya zo ƙarewa, aka ce masa akwai wani gwani a ƙasar waje da ƙila zai iya, amma da tsada. Gbenro ya kira dillali daga Ikeja ya kwashe kayan ofis. Kujeru suka tafi, janareta ya tafi. Aka zo kan kabad, aka fito da kwamfutar da ke ciki. Dillali ya ce ba ya sayen abin da bai ga yana aiki ba, a kunna.

Gbenro ya jona kwamfutar Morenike a wuta, ya buɗe ta. Sai saƙonni suka fara zubowa, na sunan ƙarya, na sunan gaskiya, har da na rantsuwa da kabarin ubansa, ba a buɗe ko ɗaya ba, duk a akwatin saƙon mai kwamfutar. Ashe Morenike ce Igbin.

Ku rufe bakinku ku wuce ku kwanta.