Tubar Mai Shari'a

Ta durƙusa a ɗakin furta zunubi na cocin Masaka, sai Fada ya riga ta da laifin da ba ta zo da shi ba.

"Mace alƙaliyar Babbar Kotu? Tir! Zuciyarku tuwon ayaba ce, 'yata, hawaye kaɗan sai ta narke. Ki tuba."

Ta taɓe baki. Ji tsohon da ko rikicin mawaƙan coci ya gagare shi rabawa!

Can ya sassauta murya: "Af, yaron da ya cinye filin marayun nan ɗan ƙanena ne. Gobe zai tsaya gabanki. Ki dube shi da zuciyar uwa."

Ta gyara mayafi, ta miƙe.

"Ka makara, Fada. Wannan zuciyar ai yanzu ka sa na tuba na bar ta."