Yatsan Inna

"'Yar boko, sabulun salo ba alli ba ne," in ji Gwaggo Hansatu, tana yi wa tukunyata dariya. Sabulun ya sake tsinkewa.

Tun da dam ɗin Kainji ya haɗiye tsibirinmu har da kabarin Inna, na rantse sai na haɗa irin sabulunta, mai shaidar babban yatsanta a kowane curi.

Rannan rijiyarmu ta Wara, garin da aka mayar da mu, ta ƙafe, na jiƙa tokar da ruwan dam. Sabulu ya kama. Na cura, na shanya, na zauna gadi.

Gwaggo ta ɗauki ɗaya, dariyarta ta ɗauke.

"Altine, ke kika dangwala?"

Ban dangwala ba. Amma kowane curi da yatsan Inna, har da tabon da ƙugiyar kifi ta bar mata.