Garin Itace a Gindin Kannon

Garin itace Fumie ta fara gani, fari fat, ya taru a gindin gunkin Kannon, abar bautar jinƙai da aka sassaƙa da itace, kamar an zubar da gishiri. Ita ce mai yaƙi da ƙwari da ɓeraye a gidan tarihin garin, kuma wannan gunki, da aka ce ya haura shekara ɗari bakwai, shi kaɗai ke sa mutane hawo tudun nan.

Shugaban gidan bai yi mata kara ba. Ya ce in gunkin ya lalace ta tattara kayanta. Ta rusuna ta ba da haƙuri har bayanta ya ƙage.

Abin da ya ɗaure mata kai shi ne ƙwaron da ta tsinta. Irinsa sabon katako yake bi, ba ruwansa da tsohon itace. Ta ce a ranta wataƙila daga akwatunan baje koli ya shigo.

Sai ta nufi gidan Malam Kuwabara, tsohon mai gyaran gumakan gidan tarihin, wanda ciwon gwiwa ya zaunar bara. Duk tsawon aikinsa, shi kaɗai ke taɓa Kannon. Wurinsa ta zo tana budurwa don koyon sassaƙa. Ya sa ta kwaikwayi gunkin, ta shafe shekara tana fama, har wuƙa ta tsaga mata babban yatsa tana rarake cikinsa. Da ta gama, ya kalli aikin sau ɗaya ya ce hannunta ba na sassaƙa ba ne, zai hura wutar ruwan wanka da shi. Ta yi kuka ta ƙoshi, ta koma ɗana tarko, tana ma gode masa da bai kore ta ba. A kakar shekarar da ta gama aikin ce ya kai Kannon gidansa ya yi masa magani.

Ya zuba mata shayi, ya tura mata wainar wake.

"Ke dai har yanzu ƙwaro ya fi ki wayo," in ji shi, yana dariya. "Ki sa gunkin a leda, ki zuƙe iskar, ƙwarin su mutu da kansu. Amma kar ki buɗe bayansa."

"Malam, in akwai ƙwai a ciki fa?"

"Na ce kar ki buɗe. Yaushe kika fara yi mini musu?"

Ba ta taɓa yi ba, kuma ba ta yi niyya ba. Malamin ibada ya zo ya yi addu'ar fitar da ruhun gunkin, kamar yadda ake yi kafin a sa masa hannu. Amma da ta kwantar da gunkin, sai marfin bayansa ya zame da kansa. Ashe ɓera ya daɗe da cinye abin da aka manne shi da shi.

Ta haska tocila. Cikin fari ne, bai ko yi duhun tsufa ba, kuma saran wuƙar duk ya karkata hagu, irin karkatar da aka sha yi mata faɗa a kai. Can wajen kafaɗa akwai wani baƙin tabo na busasshen jini. Ta miƙa hannunta ciki.

Babban yatsanta ya zauna daram a kan tabon da ya bari tun tana budurwa. Ashe aikinta ne Malam ya dawo da shi daga gidansa a madadin na asalin.