Ƙonanniyar Ƙofa

"Mama, ba a taɓawa," in ji Kumai, ɗalibin da ke zagayawa da matan zumunta a gidan tarihin jami'a a Kafanchan.

Tamar ba ta ɗauke hannunta daga ƙonanniyar ƙofar ba. Har yanzu kwado na rataye a jikinta.

Kumai ya ci gaba da bayani. Ya ce daga wani ƙauye aka kawo ta, inda mahara suka kulle yara uku a ɗaki, suka cinna wuta.

Mata suka ɗora hannu a ka. "Wayyo Yesu!"

Tamar ta kwance bakin zaninta, ta ciro ɗan makulli.

"Ba su suka kulle ba, ɗana. Ni ce. Don kada a gan su."