Akwati Mai Lamba Arba'in da Shida

Shekara uku da ƙirƙiro Jihar Kebbi, Ƙungiyar Tallafa wa Marayu ta Gesse ta samu kyautar kwamfuta, aka damƙa ta a hannun Mubina, wadda ta gama kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi. Ita ma marainiya ce. Wani da bai yarda a faɗi sunansa ba ne ya ɗauki nauyin karatunta. Ta karɓi aikin ne don tsofaffin katunan ƙungiyar za su bi ta hannunta, ko Allah zai sa ta gano shi ta yi masa godiya. Abin ya daɗe yana cin ranta.

A cikin kwamfutar ta raba masu taimako gida biyu. Gida na farko na masu ba da aron suna da fuska, a buga su a kalanda jama'a su gani. Na biyu na masu ɗaukar nauyi da gaske. Kowa da lambar akwatin gidan wayarsa za a shaida shi, kuma lamba ba ta shiga sau biyu.

Wanda ta fara jefawa gida na farko, ko kallon katinsa ba ta yi sosai ba, shi ne Dikko, gwanin kamun kifi na Argungu. Tun da ya kama giwan ruwan da sai da mutum huɗu suka ɗaga, hotonsa bai bar kalandar ƙungiyar ba. Duk wata sai ya shigo ofis yana ƙarnin kifi, ya shanye shayin mutane, ya cika ɗaki da labarin kifin nan da kullum ƙara tsawo yake yi. Tun tana ɗaliba yake damunta da tambayar jarrabawa, kamar ya iya karatu.

"Ɗiyata, ina kika aje ni cikin wagga na'ura?"

"Wurin masu haƙora, Baba. Murmushi kawai kuke ba mu, murmushi kuwa bai taɓa sayen littafi ba."

Dikko ya yi dariya har da riƙe ciki. "Awo, gaskiya taki! Bar ni nan."

Rana ta uku ta ci karo da katin da take nema: *Wani bawan Allah, Argungu. Ya ɗauki nauyin Mubina Atiku.* A ƙasa ga lambar akwati, arba'in da shida. Daɗi ya kama ta har ta fara tsara wasiƙar godiya a zuci. Ta buga lambar a gida na biyu.

Kwamfuta ta yi ƙara, ta ƙi.

Ta sake bugawa, ta sake ƙi. Mubina ta ja tsaki, ta ce da ma kayan kyauta ba su da tabbas.

Madam Foluke, sakatariyar da ta shekara goma tana riƙe da makullin katunan, ta leƙo tana danne dariya. "Ba lalacewa ta yi ba. Cewa take mai lambar yana ciki tuntuni. Tambaye ta mana."

Mubina ta nemi arba'in da shida. Suna ɗaya ya fito, a gidan masu haƙora, daidai lokacin da mai sunan yake miƙo mata kofi daga kan benci yana neman ƙarin shayi.