Ƙwararren Faris

Ruƙayya ta ja tsaki. Musye Kalil, ƙwararren nan na birnin Faris, ya sake turo bayanan atamfofi a ƙunshin da manhajarsa kaɗai ke iya kwancewa. In aikin ya wuce gobe, kwangilarta ta tashi.

Ga na kusa da ita a shagon intanet na Zango sai sakace yake, yana shafa tuƙar goro a jikin tebur.

Ta rubuta wa Musye Kalil: "Wannan ƙazanta ce! Jero su ɗaya bayan ɗaya yadda kowace manhaja za ta karanta." Ta sa hannu kamar kullum: Ruky, Kanada.

Mai goron ya leƙa allonsa, ya tofar.

"Hajiya, Turawan Kanada ba su da tarbiyya. Wai ni, Musye Kalil, za ta kira ƙazami!"